Neman shawara: raitar faifai da ba ta cika ƙara ba

Abban Hafsat, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawararku nake nema a kan na'urar buga faifai, wato raita, wadda zan sa wa kwamfutata ta tebur. Sana'ata ɗaukar karatun malamai da walimar saukar Alƙur'ani, in tace murya, in buga wa masu so a faifai. Yawancin aikin da dare nake yin sa a gida, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakin aikina da ɗakin mahaifiyata. Ta manyanta, barcinta ba nauyi. Raitar da nake da ita, da zarar faifai ya shiga sai ta ɗauki ruri kamar injin markaɗe, har tebur na rawa. Hajiya ba ta taɓa yi mini magana ba, amma ina jin motsinta, na san na tashe ta, kuma abin yana damuna ƙwarai. Ga azumi na matsowa, lokacin ne aikin tafsiri ke yawa. Wane kamfani ne nasa ya fi shiru? Ta ciki zan saya ko ta waje mai USB? Kuma ta hannu za ta yi, ko dole sai sabuwa? Allah Ya saka da alheri.

Ɗan Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Malam, me zai hana ka koma filashi ko memori? Ba ƙara, ba jira, kuma mutum zai saurara a wayarsa.

Abban Hafsat, Gusau:
Ina yin wannan ma, ɗan'uwa. Sai dai dattawan da ke saye a wurina da yawansu a mota suke sauraro, motocin kuma faifai suke ci. Makarantun Islamiyya su ma faifai suke nema don ajiya, saboda wanda aka buga aka rufe, yaro ba zai goge shi ba, ƙwayar cutar kwamfuta ba za ta shige shi ba. Filashi kuwa yau ka bayar, gobe ka tarar an cika shi da wani abu daban.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Abban Hafsat, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kafin ka fitar da ko kwabo, fara duba gudun da kake buga faifan da shi, don mafi yawan wannan ƙarar daga nan take, ba daga sunan kamfani ba. Faifan CD a gudun 48x ko 52x, wato ninki 48 ko 52 na gudun sauraro na yau da kullum, yana juyawa kusan sau 10,000 a minti ɗaya. DVD a 16x ma yana kusa da haka, a 24x kuwa ya wuce nan. Duk abin da ke juyawa da wannan sauri a cikin ƙaramin akwati dole ya kaɗa iska, dole ya yi jijjiga. Ko raita mafi tsada ka sayo, in ka bar ta a ƙarshen gudunta, Hajiya za ta ji ta.

Manhajojin buga faifai kusan duka kan zo a saite a kan gudu mafi girma, mutane kuma ba sa taɓa wurin. In ImgBurn kake amfani da ita, kyauta ce, akwai wurin zaɓar gudu, kuma tana nuna maka gudun da wannan faifan da wannan raitar suka yarda da shi. CDBurnerXP da Nero su ma suna da shi. Har Windows Media Player tana da zaɓin rage gudun bugu a cikin saitinta. Ka sa CD a 16x, DVD a 6x ko 8x, ka saurara. Rurin nan zai koma wani ɗan huci da ba ya ƙetare bango.

Lokacin da za ka rasa ba shi da yawa. Cikakken DVD mai gigabait 4.7 yana ɗaukar wajen minti 6 a 16x, a 8x kuwa wajen minti 9 zuwa 10. CD mai minti 80 a 16x bai wuce minti 6 ba. Sannan ga riba a kai: tsofaffin rediyoyin mota sun fi karɓar faifan da aka buga a matsakaicin gudu, ba su cika tsallake karatu a kansa ba. Amma kada ka ce sai 1x ko 2x, faifan zamani ba don wannan aka yi su ba, raitar ma sau da yawa ba za ta yarda ba, sai ta zaɓi mafi kusa da kanta.

Baba Mai Gyara, Talatar Mafara:
Ɗana, abin da Injiniya ya faɗi gaskiya ne, amma tunda ka ce tebur na rawa, akwai wani abu bayan gudu. Buɗe akwatin kwamfutar ka duba sukurai nawa anka ɗaure raitar da su. Da yawa da anka kawo mini, sukuru biyu ne a gefe guda, ɗayan gefen na lilo. Wanga shi ke sa ƙarfen akwatin duka ya ɗauki amo. Ka ɗaure huɗu, biyu kowane gefe, in ka samu 'yan zobban roba ka sa tsakani. Akwatin kuma kada ya zauna kan teburin katako tsirara, ko ya jingina da bangon Hajiya. Ka sauke shi, ka shimfiɗa mashi guntun kafet mai tauri, ka janye shi daga bango ko da taƙi biyu ne.

Sai maganar sitika. Ku masu faifan karatu kuna son manna takarda mai hoton malam. In takardar ta karkace ko kaɗan, faifan ya rasa daidaito, yana juyawa yana dukan iska gefe guda. In dole ne, to bayan an gama bugu a manna, kuma mai cikakken zagaye. Rubutu da alƙalamin maka mai taushin baki ya fi mini lafiya. Faifai mai tsagewa kusa da ramin tsakiya kuwa kada ka sa shi ko kusa, a babban gudu yana iya tarwatsewa a ciki.

Ƙurar hunturu ma kada ka raina ta. In ta hau idon na'urar, wato ɗan gilashin da ke karanta faifai, sai ka ji tana tashi tana sauka tana neman karatu, wannan ma ƙara ce. Ka hure ta da abin hura iska, ka riƙa rufe kwamfutar da ƙyalle in ka tashi aiki.

Maman Walid, Jega:
Ni dai a shagona ta waje nake amfani da ita, siririyar nan mai USB, ta LG. Ƙarshen gudunta a DVD 8x ne, a CD 24x, ko ka so ta yi ruri ba ta da ƙarfin yi. Ina ɗora ta a kan shimfiɗar linzamin kwamfuta, mai zaune kusa da ni ma da ƙyar yake jin ta. Kuma kana iya ɗaukarta da laftof ka koma zaure ka yi aikinka can nesa da ɗakin Hajiya. Abin lura ɗaya, tana son wuta isasshiya. Ka sa ta a ramin USB na bayan kwamfuta kai tsaye, kada ka bi da ita ta abin raba ramuka. Wasu ma kebul mai kai biyu suke zuwa da shi saboda haka.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Hajiya Maman Walid, ga aikin shago na faifai biyu ko uku a yini, ban ƙi taki ba. Amma shi a azumi jere zai riƙa bugawa. Siraran nan jikinsu roba ce marar nauyi, suna saurin ɗaukar zafi, a zafin bazararmu kuwa ba sai na faɗa ba. Tirensu ma da hannu ake danna faifai a kai, yawan sawa da cirewa na gajiyar da shi. Babbar ta ciki mai jikin ƙarfe, in an rage mata gudu zuwa 8x, ba ta ko kai rabin ƙarfinta ba, nauyinta kuma na shanye jijjiga. Ni ita zan zaɓa masa.

Maman Walid, Jega:
Haka ne, ban yi lissafin yawan aikinsa ba. Amma in yana da hali ya ajiye ta wajen a gefe, ranar da ta ciki ta tsaya a tsakiyar azumi zai gode.

Malam Mai Kwamfuta, Gusau:
Tunda ya tambayi kamfani, bari in taɓo wannan. Masu ƙera raita sun ragu sosai. Sony Optiarc ta rufe a 2013, kamfanin da ke yi wa Samsung raita shi ma ya daina a 2016. Don haka duk wanda ya miƙo maka Samsung ko Sony ya ce sabuwa ce fil, to ko dai tsohon kaya ne da ya daɗe a sito, ko ta hannu ce aka goge. Ba laifi ba ne ka saya, amma a farashin ta hannu. Waɗanda aka fi samu sababbi su ne LG, irin jerin GH24, da ASUS jerin DRW-24, sai Lite-On. LG na da abin da suke kira Silent Play, yana rage gudu da kansa in kana kallo ko sauraron faifai. Ka lura, a wurin karanta faifai yake aiki, a wurin bugu kai ne za ka saita. Pioneer ta yi suna wajen shiru, musamman raitocinta na Blu-ray, sai dai tsada, kuma mai buga CD na karatu ba ya bukatar faifai mai gigabait 25.

Kafin ka aika Kano ko Legas a sayo maka, leƙa bayan raitarka ta yanzu. In kebul ɗin siriri ne, SATA ke nan, kowace sabuwa za ta shiga. In mai faɗi ne kamar ɗamara, mai fil 40, wannan IDE ne, sai ka duba ko babban allon da ke cikin akwatin kwamfutar na da ramin SATA, don sababbi ba sa zuwa da IDE.

Abban Hafsat, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Na duba, SATA ce, kuma Baba ya yi gaskiya, sukurai biyu ne kawai. Na ƙara biyu, na sauke akwatin ƙasa, na gwada CD a 16x. Wallahi bambancin a fili yake. Sai dai bayan an gama bugu, in manhajar ta shiga tantance faifan, sai ta sake ɗaukar gudu. Tirenta kuma yana yin ƙas-ƙas wajen fita, wani lokaci sai na taimaka masa da hannu.

Baba Mai Gyara, Talatar Mafara:
Tiren nan ƙaramin bel ne na roba ya saki, ana canza shi, ba shi da tsada. Amma in raitar ta daɗe tana aiki, idonta ma ya kusa gajiya, kada ka shiga azumi da ita ita kaɗai.

Injiniya, Birnin Kebbi:
Tantancewa karanta faifan ne, shi ya sa take sakin gudu. Cire alamar tantancewa da dare, ka tara faifan, da safe ka tantance su ko ka gwada su a rediyo. Kada dai ka bar tantancewar gaba ɗaya, karatun Alƙur'ani da ya yanke a tsakiyar aya ba abin miƙa wa mutum ba ne. Sannan tunda bugun ya ɗan ƙara tsawo, ka haɗa kwamfutar da UPS ko inbata, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, faifan CD-R ya tafi ke nan. Faifan ma ka nemi masu kyau irin Verbatim, masu arha marasa suna wasunsu a lanƙwashe suke fitowa, su ma suna kawo jijjiga.

Malam Mai Kwamfuta, Gusau:
In ta hannu ka yanke shawarar saye, tafi da faifanka guda biyu, CD da DVD, don kowanne da hasken lezarsa a ciki, ɗaya na iya mutuwa ɗaya na aiki. Ka sa a buga a gabanka, ka ɗora tafin hannunka a kanta tana juyawa, ka buɗe tiren ka rufe ka ji ko yana sarƙewa. A jikin takardar da ke samanta akwai wata da shekarar da aka ƙera ta, ka karanta kafin a fara ciniki.