Don Allah a ba ni shawara, 'yata na SS2 amma ba ta yin Litireca

Uwar 'yan mata: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wallahi kwana biyu ko barcin kirki ba na yi. 'Yata ce ta fari, tun tana ƙarama ba ta da zance sai zama lauya, duk ranar da muka bi ta Kongo a Zariya cikin Keke Napep sai ta nuna get ɗin ABU, inda ake karatun lauya, ta ce Mama nan fa zan yi. Da ta gama JSS3 babanta ya kafe sai ajin kimiyya saboda ɗan wansa na karatun likita a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, aka yi ta ja-in-ja har sai da kakarta ta sa baki sannan ya haƙura, amma har yau in zancen ya taso sai ya ce ai ni na ɗaure mata gindi. To malamin Litireca na makarantarsu ya bar aiki tun zangon farko na SS1, aka ce su ɗauki Hausa kawai. Jiya maƙwabciyata ke ce min wai in ba Litireca ba lauya. Da gaske ne? Ni ban ma san ta inda zan fara faɗa wa babanta ba.

Malam na Samaru: Wa alaikumus salam. Hajiya, gaskiya maƙwabciyar taki ta faɗa miki. Kiredit 5 ake nema a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Litireca, lissafi ma kar a yi wasa da shi. JAMB kuma darussa 4 ne, Turanci dole, sai Litireca, sai biyu irin su Gwamnati da Addini. Shekara nawa ina cike wa yara fom. Ki cire ta daga makarantar nan gobe-gobe.

Ɗan Sabon Gari: Hmm kin tuna min nawa. Injiniya na so, yaron shagon intanet ya sa min Bayoloji a madadin Fiziks a fom ɗin JAMB ban duba ba, na ci maki mai kyau amma shekarar ta tafi a banza. Har yau in na gan shi a kasuwa raina sai ya ɓaci.

Anti ta Gyallesu: Ni dai da za ki ji tawa ki bi maganar babanta, a mayar da ita kimiyya ta yi aikin jinya. Lauyoyi nawa ke zaune ba aiki? Tawa ma Litirecan ta yi, ga ta nan a gida shekara biyu.

Malam na Samaru: Haba Anti, a SS2? Yarinyar da ba ta taɓa ganin Fiziks da Kemistiri ba shekara guda cur? Sai dai ta maimaita SS1. Kar a ruɗa baiwar Allah.

Uwar 'yan mata: Malam cirewar fa ba wasa ba ce, mun riga mun biya kuɗin zango, ga ƙannenta biyu a can, mota ɗaya ke kwasarsu. Kuma makarantar na da tarbiyya gaskiya. Anti kuma ba ki san ta ba ne, jini ko na kaza ta gani sai ta bar wurin.

Wata ɗaliba: Mama a Kongo akwai ɓangaren shari'ar Musulunci ma, ki duba kundin kwasa-kwasan JAMB ki ga abin da suke nema. Ko ki samo mata mai lesin ta zana Litirecan a WAEC ta masu zaman kansu.

Malam na Samaru: Ba kowace jami'a ke karɓar zama biyu, wato haɗa sakamakon jarrabawa biyu, a kowane kwas ba, ku daina ba da shawarar da ba ku da tabbas. Kuma littattafan nan ba a wata uku ake cinye su ba, ga wasan kwaikwayo ga ƙagaggen labari ga waƙoƙi.

Uwar 'yan mata: To ai firinsifal ya yi mana alkawari sabon malami na zuwa bayan hutu. Bari dai mu ga.

Ɗan Sabon Gari: Wane hutun, Hajiya?