Essential oil: mu kira shi "man tururi"

1/ Jama'a, hunturu ya kama, mura ta shiga gidaje, masu tallar ƙananan kwalaben nan na essential oil sun cika Facebook da WhatsApp. Wasu har suna rubuta "muhimmin mai". Wannan fassara ba daidai ba ce, kuma tana da haɗari.

2/ Kalmar essential daga essence ta fito, wato ainihin ƙamshin tsiro. Babu maganar muhimmanci a ciki. Uwar da ta ga "muhimmin mai" za ta ɗauka abu ne da jikin ɗanta ke buƙata.

3/ "Man ƙamshi" zai ruɗe da turaren kanti da humra. "Tataccen mai" kuwa, ai man gyaɗa ma tatacce ne.

4/ Shawarata ita ce "man tururi". Yawancinsu da tururi ake fitar da su: a cika tukunya da ganye, tururi ya ratsa ya kwaso man, a sanyaya, man ya rabu da ruwa a kwashe. Haka ake samun na ganyen bishiyar turare, na na'a-na'a da na kanumfari. Na ɓawon lemo ne kawai aka fi matsewa. Shi kansa man tashi yake yi. Ɗiga shi a takarda, an jima ya bi iska, man gyaɗa kuwa sai ya bar tabon maiƙo. Ga shi kuma a wajen sirace muka fi saninsa.

5/ Abin da ya fi damuna shi ne mun saba shan man zaitun da na habbatus sauda da cokali. Man tururi kuwa ba a shan sa. Ƙaramin cokali na man bishiyar turare zai iya sa yaro jijjiga ko suma. Ba a shafa shi tsura, sai an sirka da man kwakwa ko man kaɗanya. Vicks ma an hana shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba.

6/ In an gauraya biyu ko uku, sai mu ce "haɗin man tururi". Yana sa ka ji hanci ya buɗe, amma ba ya kashe ƙwayar cutar mura a jiki. Yaro mai zazzaɓi da numfashi sama-sama, asibiti za a kai shi.

7/ 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke jin sunansa na Faransanci, huile essentielle, me ake ce masa a kasuwanninku?