Kwaɓin funkaso ɗaya: na miya da na zuma

Maman Hanif, Kano
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidana an rabu biyu a kan funkaso. Maigida ba ya ci sai da miyar taushe, yara kuwa sai an barbaɗa musu sukari ko an tsiyaya zuma. Kwaɓi biyu nake yi kullum, ga mai ya yi tsada. Akwai mai kwaɓi ɗaya da ke shiga ko'ina? Sannan nawa yana shan mai sosai.

Hajiya Babba, Zariya
Wa alaikumus salam 'yata. Kwaɓi ɗaya ya ishe ki. Garin alkama gwangwani 4, yis cokalin shayi 2, gishiri kaɗan, sukari cokali ɗaya tak don yis ya sami abin ci. Kada ki sa albasa. Ki kwaɓa da ruwan ɗumi, ki buga shi da hannu har ya riƙa yauƙi, ya fi na fanke ƙarfi amma bai kai na burodi ba. In kin zo suya ki jiƙa hannu, ki ɗebo, ki huda tsakiya da babban yatsa, ki sake shi a mai. Hudar nan ba ado ba ce, ita ke sa cikinsa ya nuna.

Mu da can ba yis muke sawa ba. Da daddare ake kwaɓawa a rufe a ƙwarya, kafin safiya ya tashi ya yi tsami, sai a ɗiga ruwan kanwa kaɗan ya sassauta shi. Ɗan tsamin da ya rage shi ke sa funkaso ya karɓi miya mai kabewa da gyaɗa. Na yis ya fi sauri, amma a wajen ƙamshi bai kama ƙafarsa ba.

Ummu Sudais, Kaduna
Hajiya kin gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni dai ina surka alkamar da fulawa, uku da ɗaya. Alkama zalla tana da dusa, dusar kuma tana tsinka yauƙin, shi ya sa yake yin nauyi. Yarana ba sa cin mai nauyi da zuma.

Batun shan mai kuwa, Maman Hanif, ki duba wutarki. In man bai yi zafi ba, ƙullun zama yake a ciki yana tsotsa kafin bayansa ya ƙame. Ki jefa ɗan mitsitsi: in ya nutse ya taso nan take da kumfa, ya yi. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 170 zuwa 180 na Celsius. Kuma kada ki cika kaskon, kowane ɗaya da kika jefa yana rage zafin man.

Anti Zango, Kumasi
Hajiya, a gafarce ni, a nan namu ya sha bamban. Pinkaso muke ce masa, da fulawa ake yi, ana markaɗa albasa da barkono a cikin kwaɓin, a soya, sannan a barbaɗe shi da sukari a sha da koko. Yaji da zaƙi a baki ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa kokawa. Maman Hanif ki gwada wa yaranki, in ba su nemi ƙari ba ki zo ki same ni.

Hajiya Babba, Zariya
Albasa da sukari? To, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Baban Yasmin, Garwa
Ku yi haƙuri na shigo zancen iyaye mata. A Kamaru makala, wato irin namu fanken, muke ci da dafaffen wake mai mai da yaji, a kora da kunu. Makalar da ɗan zaƙinta, kuma tana tafiya da waken lafiya lau. Don haka ni ina bayan Anti.

Maman Biyu, Jos
Ni matsalata sanyi ce. A hunturu kwaɓi yakan yi awa uku bai motsa ba. Abin da nake yi, in ɗora robar a kan tukunyar ruwan ɗumi in lulluɓe da zane mai kauri. Ruwan kwaɓin kuma ya zama wanda za ki iya barin yatsa a ciki, tafasasshe kashe yis yake yi. Ku na Kano da zafi sai ku kula da akasin haka: in ya tashi ya zarce har ya fara faɗawa, shi ma mai zai sha, komai zafin wuta.

Maman Hanif, Kano
Anti Maman Biyu, ina jin nan matsalata take. Da hantsi nake kwaɓawa in ajiye a rana, sai bayan azahar nake suya. Gobe in sha Allah zan soya da zarar ya ninka. Kwaɓin Hajiya zan yi, in ɗebi kaɗan in sa albasa da attaruhu irin na Kumasi. Wanda ya rage fa, ya ake ɗumama shi?

Ummu Sudais, Kaduna
Ki turara shi a madambaci minti biyar, zai dawo da laushinsa. Kada ki mayar da shi cikin mai. Zumar kuma sai za a ci ake zubawa, in ta kwana a jikinsa jagwaɓewa yake yi.