Eshek (chess): wane buɗi, wato tsarin motsin farkon wasa, zan riƙe kafin turnuwa (gasa)?

Ɗan Marwa: Assalamu alaikum yayyena. Shawara nake nema, turnuwa ce a gabana a Yawunde. In ina riƙe da fari buɗin London na saba bugawa, da baƙi kuwa ba ni da wani tsayayyen abu. Yanzu in na kalli wasan manya sai in ga buɗin Italiyan ko ina, to in canza ne ko in tsaya inda nake?

Malam na Garwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara sanin abin da ya kai su can tukuna. A da Espanyol ce buɗin da ya zama abincin manya, sai a 2000 a Landan Kramnik ya fito wa Kasparov da Berlin, wata kariya ta baƙi a Espanyol, ana musayar sarauniya tun a motsi na 8, sarkin baƙi ya tsaya a d8 ba rok (motsin ɓoye sarki a gefe) amma ka rasa ta inda za ka shige shi, Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba har kambun duniya ya kuɓuce masa. Daga nan masu buga e4 suka dinga neman wata ƙofa, shi ne aka koma Italiyan mai sanyi, fu (bishop) a c4, piyon (ƙananan sojoji) a c3 da d3, doki ya taso daga b1 ya bi d2 da f1 ya zauna g3, a bar rigimar sai tsakiyar wasa. Ni ita nake koya wa yaran lise a nan, don tsari ne kake fahimta ba hadda ba.

Ɗan Marwa: Na gode Malam. Kenan kuna ganin in ajiye London?

Yaya Kusiri: A'a kar ka ajiye ta yanzu. Da London ɗin nan Ding Liren ya ci Nepomniachtchi wasa na 6 a Astana 2023, a gasar kambun duniya fa. Matsalar yaranmu d4, fu f4, e3, c3 suke jerawa ido rufe ko me abokin karawa ya buga. Je ka duba abin da za ka yi in baƙi ya buga c5 da wuri ya kawo sarauniya b6 tana hararar b2, nan ake kama yawancinsu.

Malam na Garwa: Gaskiya ne, lokaci ya ƙure ba a sauya doki a tsakiyar rafi. Amma bayan ka dawo ka zauna da e4 sosai.

Anti Ngaundare: Ni baƙin ne ya fi damuna tunda ya ce ba shi da komai. Faransez zan ce ka ɗauka. An daɗe ba a cika ganinta a saman ba, sai ga Ding ya buga ta a wasan farko da Gukesh a Singafo 2024 kuma ya ci da baƙi, duk da Gukesh ne ya ɗauke kambun a ƙarshe 7.5 da 6.5 yana ɗan shekara 18. Dabararta a fili take, e6 da d5, ka doki tsakiya da c5, wani lokaci f6, abu ɗaya dai fu ɗinka na c8 zai sha zama a bayan piyon sai ka yi haƙuri da shi.

Ɗan Marwa: Anti ni fa Sveshnikov ke burge ni, wadda Carlsen ya buga da baƙi.

Anti Ngaundare: Tana da kyau, a 2018 da Caruana ya riƙe ta, amma ka tuna duk wasanni 12 ɗin canjaras suka tashi, kuma mutanen nan da tawaga da manyan kwamfutoci suke shiri wata da watanni. Sannan sau da yawa fari ba zai bar ka ka kai can ba, fu b5 kawai zai buga a motsi na 3, Rossolimo kenan, haddarka ta tashi a banza.

Baffa Njamena: Ku ƙara masa da Bassem Amin na Masar, ya taɓa haye maki 2700 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa, kuma an san shi da harin Indiyan na sarki, doki f3, g3, fu g2, d3, e4. Ɗan nahiyarmu ne, wasanninsa na da daɗin bi. Ni abin da ke min ciwo yara na kwaikwayon tura piyon h tun da aka ga manhajar kwamfuta AlphaZero na yi, ba su san dalili ba sarkinsu na tsaye a tsakiya. Su kansu manyan haddar ta ishe su shi ya sa suke ta komawa eshek 960 inda ake hargitsa jerin baya.

Yaya Kusiri: Buɗe shafin Lichess ɗan uwa, kyauta ne, akwai wajen da kake saka motsi ya nuna maka abin da manya suka buga a wurin, ba ya cin kredi sosai ko rezo ba ƙarfi. Stockfish kuma, manhajar da ke nuna motsin da ya fi, sai bayan ka gama tunaninka za ka kunna.

Ɗan Marwa: Allah ya saka da alheri. London da fari, Faransez da baƙi. Wa zai riƙe min fari yau da dare?

Malam na Garwa: Ni, bayan isha'i. Minti 15 da ƙarin sakan 10 a kowane motsi, e5 zan tura maka a motsi na 3, ka shirya c5 ɗinka.