Neman ƙarin bayani kan "go" da "went" a Turanci

Malamai masana harshe, ɗalibaina sun tsare ni da tambayar dalilin da ya sa shuɗaɗɗen lokacin aikatau "go" ya zama "went", alhali ko harafi ɗaya bai haɗa kalmomin biyu ba. Na karanta cewa asalin "went" shuɗaɗɗen lokacin aikatau "wend" ce, mai ma'anar juyawa, kuma ita "went" ɗin ce ta ture "eode", tsohuwar siffar shuɗaɗɗen lokacin "go", wajen ƙarni na 15. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda aka yi "go" ta ƙwace ta, har "wend" ta koma ga "wended". Sannan a "the milk went sour", inda babu tafiya sai lalacewar madara, shin tsohuwar ma'anar juyawa ce ta rage, ko daga "go" ta fito? Don Allah a taimaka da bayanin da ɗalibai za su gane.