Zan rushe tsohon sito in gina gareji, ina zan kai kayan ciki kafin a gama?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa yin gini suna zaune a cikin gidan.

Gidana yana Rijiyar Zaki a nan Kano. A gefen ƙofar shiga akwai wani tsohon sito na ƙasa da na tarar tun da na sayi gidan. Shi nake so in rushe in tayar da garejin bulo, motar nan ta huta da kwanan waje. Bara sau biyu ana kwance mini madubin gefe. Birkila ya zo ya auna, ya ce sati shida ya ishe shi.

Jiya na buɗe siton da niyyar lissafi, sai na riƙe baki. Ashe shekara 9 nake jibga kaya ban sani ba. Akwai janareta babba, da injin ban ruwa mai inci 3 da nake kaiwa gonata ta wajen Kura da rani, da mesarsa, da injin feshi na goyo guda 2. Ga baro, shebur, diga, fartanyu, tsanin katako, tsofaffin tayoyi 4, kujerun roba 30 da na saya lokacin sunan Ummi. Ga masara buhu 11, wake buhu 3, da babur ɗin babban yarona da ya tafi bautar ƙasa. Sai kuma kayan Hajiyarmu: tukwanen biki, turmi biyu, da wani akwatin ƙarfe da ba wanda ya san abin da ke ciki, ba kuma wanda ya isa ya tambaya.

Tsakar gidan ba wani girma gare shi ba, yashi da tsakuwa da bulo za su cinye rabi. Uwargida ta ce ko da wasa kada in kalli falonta. Ga mu a ƙarshen Afrilu, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na yi tunanin hayar kwantena, ko in kafa rumfar tamfol a jikin katanga, ko in rarraba wa maƙwabta su ajiye mini. Wanne ne ba zan yi da-na-sani ba?

Tsohon Birkila:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin mu zo kan kaya, bari mu fara da sati shidan nan, don a nan gizo ke saƙa. Ni sana'ata ce, kuma ni ma na sha faɗa wa masu gida haka. Ba ƙarya muke yi ba, lissafin ranakun aiki muke yi, ba na ranakun Allah ba. Za a haƙa fandisho, a zuba, a jira. A ɗora bulo zuwa linta, a jira. In dekin za ka yi, katakon da ke ƙasa sai ya yi wajen sati uku kafin a kwance, siminti kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. Ka ƙara da ranakun da ruwa zai kore mu, da ranar da mai tifa zai ce hanya ta caɓe, da satin da aljihunka zai ce a dakata. In aka fara a Mayu, ka ƙaddara kayanka za su ga ruwan Agusta a inda ka ajiye su. To wurin da zai iya da Agusta za ka nema.

Tamfol ka manta da shi. Iskar farkon damina ba ta barin sa, wanda ya tsira kuma rana ta soya shi ya fara tsagewa ta wajen igiya. Ruwa ya taru a tsakiya kamar tafki, dare ɗaya ya juye a kan janaretan.

Ga abin da zan yi da ni ne. Kada ka bar leburori su far wa siton da diga. Kafinta ya fara hawa ya cire kwanon rufin a hankali, da katakon da gara ba ta ci ba. Da su za a kafa maka rumfa a jikin katangar ciki, a toshe tsofaffin hujojin ƙusa da kwalta, a karkata rufin ruwan ya zubo cikin gidanka, ba jikin katangar maƙwabci ba, kada ka sayi rigima da kuɗinka. Abin da ya gaza ka ciko a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ƙafafun rumfar a shafe su da baƙin mai kafin a binne.

Sannan abin da mutane ke mantawa: kowa sama yake kallo, alhali ɓarnar daga ƙasa take zuwa. Laima da gara. Ka jera bulo, ka ɗora katako a kai, sannan kaya. Ko turmi kada ya taɓa ƙasa. Na taɓa ganin tsani da aka jingina wata uku, aka zo ɗauka, ƙafafun suka marmashe a hannu.

In kuma ba a riga an kafa igiyar awo ba, ka ce wa birkilanka ya yanko ɗan sito ƙafa 6 a bayan garejin, ya fara gama shi, ya rufa, ya sa ƙofar ƙarfe. Kaya masu tsada su koma can tun gini bai yi rabi ba.

Direba Mai Ritaya:

Alhaji, maganar kwantena, na yi shekaru ina jan ta daga Legas, bari in faɗa maka yadda take. Ƙaramar, mai ƙafa 20, tsawonta mita 6 ne, faɗi kusan mita biyu da rabi, nauyinta ba komai a ciki ya haura tan 2. Ba a sauke ta da hannu, sai mota mai ƙugiya, ita kuma tana son fili da sama a buɗe. Ka fita ka dubi layinku, ka ɗaga kai ka dubi wayoyin lantarki. In motar ba za ta iya juyawa ba, magana ta ƙare. Kuma zuwa kuɗi, dawowa kuɗi, ban da hayar wata-wata. In a waje za ta zauna ta tare hanya, sai ka fara ganin mai unguwa.

Ɓarawo kam tana maganinsa, in ka sa kwaɗo na kirki. Amma ciki tanda ne. Da rana ta ɗau wuta, da dare ƙarfen ya huce ya yi gumi, ya riƙa ɗiga daga rufi a kan kaya. Hatsi ba ya son haka, jarkar fetur kuma kada ta shiga ko kusa. Don wata biyar, a kan kayan da ka lissafa, ni ban ga ribar ba.

Maman 'Yan Biyu:

Baban Ummi sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a gama lafiya. Ni a kan maƙwabta zan yi magana, don ta ciwo ni. Da muka yi gyaran zaure na kai kujerun roba 24 gidan wata baiwar Allah, mutuniyar kirki wallahi. To gida ne mai jama'a. Yau suna a layi, a zo a ara. Gobe zaman makoki, a zo a ara. Ita ba ta iya hanawa, ni ba na iya tambaya. Guda 17 suka dawo, biyu ba ƙafa. Har yau muna gaisawa, amma ba kamar da ba. In dole sai ka kai wani abu wani gida, ka rubuta a takarda a gaban mai gidan, ka ɗauki hoto a waya, cikin raha. Baro da shebur da tsani kuwa kada su bar gidanka, kuma ka shafa musu fenti, don leburorin ma za su ɗauka su yi aiki da su, ranar tashi su haɗa da nasu ba da gangan ba.

Hatsin nan shi ya fi damuna. Waken ka juye shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ka matse iskar ka ɗaure kowanne daban. Ƙwari sai su shaƙe ba tare da magani ba. Sai dai ɓera na huda shi, a ɗora a sama, kada ya jingina da bango. Abin da nake roƙon ka, in za a shigar da buhunan ɗakin da ke kusa da inda yara ke kwana, kada a sa ƙwayar maganin nan da ake turawa cikin hatsi. Iskar da take fitarwa guba ce, tana kashe mutum a cikin barci.

Akwatin Hajiya kuma ka ɗauka da kanka ka kai mata ɗakinta, ka tura ƙarƙashin gado. Kada ka bari ta ji labari a bakin jikoki cewa yana ƙarƙashin rumfa.

Makaniken Janareta:

Yallaɓai, injunan ukun, janareta da injin ban ruwa da babur, duk abu ɗaya suke so. Ka rufe makunnin mai, ka bar inji yana aiki har ya mutu da kansa, sannan ka tsiyaye tankin. Fetur in ya daɗe a kafireto yana zama danƙo, Oktoba ka zo kana ta jan igiya. Injin ban ruwa yana da ƙusa a ƙasa, ka kwance ruwan ciki ya fita, in ba haka ba tsatsa ta riƙe farfelar. Babur a cire masa batir. Tayoyin nan huɗu kuwa, in ba za ka ƙara sa su ba ka ba 'yan jari-bola, ruwa za su tara su haifa maka sauro.

Baban Ummi:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira birkilan da yamma na karanta masa maganar Baba Tsohon Birkila. Ya yi shiru, sannan ya ce to a ce wata uku. Ya yarda da ɗan siton baya, zai ci ƙarin bulo da ƙofa ɗaya. Kafinta zai zo Asabar ya sauke kwano. Masara na yanke shawarar kai buhu 7 Dawanau in sayar in zuba a siminti, sauran da waken su shiga ɗakin yaron tunda ba ya nan, ba kuma za a sa musu ƙwaya ba, Maman 'Yan Biyu. Janareta zai zauna a lungun kicin da sarƙa, don ba za mu iya rabuwa da shi ba.

Akwatin na kai wa Hajiya bayan Magariba, ni da almajiri muka ɗauka da ƙyar. Ta duba kwaɗon, ta ce a tura can ƙurya. Sai ta tambaye ni turmin nata fa, shi kuma a ɗakin wa zai kwana?