Wane ne masanin lissafi?

Ɗalibi, Kubwa: Malamai, don Allah saurin ƙidaya ne ke sa a kira mutum masanin lissafi?

Malama, Gwagwalada: A'a ƙanena, kwamfuta ta fi kowa sauri. Aikinsa kafa hujja ne. Gwada n² + n + 41: in ka sa kowace lamba daga 0 zuwa 39 a madadin n, kowace amsa ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Kana sa 40 sai ka samu 1681, wato 41 sau 41. Misali arba'in bai zama hujja ba, nan ɗalibai ke faɗuwa.

Malam, Kwali: Gaskiyarki Malama. Ɗalibin ya riƙa rubuta dalilin kowane mataki, ya kiyayi rabawa da sifili. In da hali ya leƙa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda.